Yadda Na Hana Habiba Rubuta Sunanta

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi wata magana ce da na tsinta a gidan nan ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarku Salma. Ina zaune a ɗakin baƙi, ƙofa a buɗe, sai na jiyo ɗaya daga cikinku tana gaya wa matan unguwa da Larabci wai Abuya, wato ni babanku, shi ne ya ceto ƙanwarsa daga yaƙin Sudan. Matan suka yi ta sa mini albarka. Ni kuwa na gyara zama na shanye abina, don ban taɓa ƙin yabo ba, ko da na wani ne aka kawo mini bisa kuskure. Amma daga baya abin ya tsaya mini a rai. Na tsufa, ba na so ku gaji labarin nan a karkace ku miƙa wa 'ya'yanku haka. Gwaggonku Habiba tana raye, alhamdu lillahi, sai dai ba ni na cece ta ba. Saura ƙiris ma in zama ajalinta. Mahaifiyarku ta sani, Salma ta sani, su biyun suka rufa mini asiri, yanzu kuma zan tona da kaina.

Sai kun san irin gidan da muka fito kafin ku gane wautar da na yi. Kakana ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa, da jaki guda da buzunsa, ya nufi Makka da Madina. Da ya iso Junaina, garin da ke kusa da iyakar Sudan da Chadi, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi noma damina ɗaya ya wuce. A nan ya yi aure, a nan ya haifi mahaifina, a nan aka binne shi da furfura. Duk da haka ba wanda ya taɓa jin ɗan gidanmu ya ce mun zauna. In baƙo ya tambaye mu 'yan ina ne, amsa ɗaya muka iya tun muna yara: kan hanya muke. Mahaifina bai yarda ya yi gini da jan bulo ba har ya bar duniya. Innarmu ta so dasa mangwaro a tsakar gida ya hana, wai kafin ya yi 'ya'ya mun tashi. Maƙwabta suka dasa nasu a shekarar, mu kuwa muka girma muna haura katanga muna tsinko musu. Abin da ya fi ƙi duka shi ne a rubuta shi. Duk ranar da ma'aikatan hukuma suka shigo unguwa da manyan littattafai suna ɗaukar sunayen mazauna gari, sai ya saɓa fartanya ya tafi gona, ba ya dawowa sai sun tafi. A ganinsa wanda ya bari aka rubuta shi a wuri ya sauke kaya ke nan, ya warware niyyar da ubansa ya ƙulla.

Ni kaɗai ne a zuriyar na ƙarasa. Ina saurayi na hau bayan babbar mota, na hau jirgin ƙasa, na hau na ruwa, na sauka Jidda da riga biyu. Na yi aikin Hajji, na zo Madina ziyara, ban koma ba. Na yi dako, na yi aiki a gonakin dabino na Ƙuba, daga ƙarshe na tsaya a sana'ar da kuka taso kuka same ni a ciki, wato tsire, wanda mutanen nan suke kira siriya, 'yan Sudan kuma agashe. Kada ku ɗauka ban san takarda ba. Mutumin da ya shekara fiye da arba'in yana sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba za a koya masa darajar takarda ba. Amma takardar zama a Madina daban take a wurina, don nan ne ƙarshen hanya. Kuma in faɗa muku gaskiya, ƙarasawar nan ta sa mini girman kai. In na tuna 'yan'uwan da ke can, sai in riƙa jin kamar ni ne na ci jarrabawar da kowa ya faɗi.

Habiba ita ce autarmu, shekara tara na ba ta. Saƙon ƙarshe da mahaifinmu ya aiko mini a kaset kafin ya rasu bai wuce magana ɗaya ba: in kawo 'yar'uwata. Na ce to, na kuma yi ta jan ƙafa. Yau mijinta ba ya so, gobe shago ya riƙe ni, jibi dokar biza ta canja. Mijin ya rasu, 'ya'ya uku da ta haifa ba wanda ya rayu, ciwon sukari ya kama ta, ta zauna ita kaɗai a gidan mahaifinmu tana koya wa matan unguwa karatu. Ba ta da wani babba a duniya da za ta ji maganarsa sai ni. Shekara guda kafin yaƙin na tashi tsaye da gaske, na sa ta yi fasfo, muka tsayar da magana za ta zo Umara bayan Babbar Salla, in ya so mu san yadda za a yi ta zauna.

Sai yaƙi ya tashi cikin azumi. Da farko muka ce na Khartum ne, ba zai kai can yamma ba. Ya kai. Waya ta ɗauke, mako ya bi mako ba labari, ina yanka nama ina jera shi a tsinke ban san abin da hannuna yake yi ba. Sau biyu ina maimaita gishiri a yaji har waɗanda suka saba saye suka yi mini magana. Wata Talata da hantsi saƙon murya ya shigo daga wata lambar Chadi da ban sani ba. Muryar Habiba ce, a dishe. Ta ce suna Adre, garin farko in an tsallaka iyaka. Da ƙafa suka zo, ita da maƙwabciyarta Hawwa da 'ya'yan Hawwa marayu, wayar ma ta Hawwa ce. Ba ta ɗauko komai ba sai mayafi da buta da ɗan maganinta, fasfo yana can cikin akwati a ɗaki. Abin da suka gani a hanya ba ta faɗa ba, har yau ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. A ƙarshe ta ce an kafa rumfuna ana kiran mutane su yi layi, a rubuta sunansu, a ɗauki hoton yatsunsu, a ba su katin 'yan gudun hijira. Hawwa za ta je washegari. Ita kuwa ta ce sai ta ji daga bakina.

Na shiga bayan shago na yi sujada a kan kwali. Da na tsaya a kan godiyar nan, da ba ni da abin rubutawa yau. Amma kun san bencin da ke ƙofar shagona, inda dattawa suke zama bayan la'asar, 'yan Sudan da 'yan Chadi da 'yan Nijar, kowa da kofin shayinsa, kowa kuma masanin siyasar duniya. Na ba su labari, suka taya ni murna. Sai wani direba da ke zama a ƙarshen benci ya ce in yi hankali, duk wanda aka ɗauki basmarsa, wato hoton yatsu, a matsayin laji'i, ɗan gudun hijira, an rufe masa ƙofar biza ke nan, ko Umara ba zai ƙara samu ba. Na tambaye shi ina ya ji, ya ce ai kowa ya sani. Mutum biyu suka gyaɗa kai. Iyakar hujjar da na samu ke nan, na kuwa karɓe ta hannu bibbiyu, saboda ta dace da abin da ke cina tun safe. Jikar mutumin da ya taka daga Haɗeja ta juya ta koma yamma, wannan kaɗai ya ishe ni. Yanzu kuma a ce ta tsaya a layi a rubuta ta cikin waɗanda suka gudu? Na tuna mahaifina da fartanyarsa, na ji kamar shi yake kallona. Na kira lambar Hawwa, aka miƙa wa Habiba.

"Habiba, kada ki kuskura ki je inda ake rubuta suna. In suka ɗauki basmarki, ke da Madina har abada. Mu ba 'yan gudu ba ne, kan hanya muke. Ki ba ni wata ɗaya in fitar da ke."

Ina jiyo kukan yara a bayanta.

"To, Yaya. Yadda ka ce."

Ko musu ba ta yi ba. Da ta yi, wataƙila da na sake tunani, amma a gidanmu ba a koya wa mace musu da yayanta ba, ni kuma a ranar daɗin hakan na ji.

Watan da na roƙa ya wuce, na biyu ya kama. Na bar shago a rufe fiye da a buɗe, ina yawo daga wannan ofis zuwa wancan, daga wannan mai bin takardu zuwa wancan. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowa dai tambaya ɗaya yake yi, ina fasfo, in na ce yana cikin akwati a garin da ake yaƙi, sai ya nuna mini a hankali cewa ba a buga biza a iska. Na aika mata ɗan abin da ya sawwaƙa ta hannun wani ɗan kasuwa, na kwantar da hankalina cewa na yi abin da ya kamata. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kira. Kullum amsarta ɗaya, lafiya lau, kwayyis, kada in damu. Gwaggonku mace ce mai ban dariya, ku da kuke jin muryarta a waya kun sani. Da damina ta sauka ta ce mini tunda take ba ta taɓa wanka sau uku a rana ba sai yanzu. Na ƙyalƙyale da dariya, ban tambaye ta a ina take kwana da ruwa yake samunta haka ba. Mahaifiyarku takan tambaye ni ko Habiba tana samun maganinta, in ce mata ta bar mini maganar 'yar'uwata, na fi ta saninta.

Wata Alhamis bayan azahar muna cin abinci a gida, Salma ta zo wuni, sai saƙo ya shigo daga lambar. Na buɗe a gabansu da murnata. Ba Habiba ba ce, Hawwa ce, tana magana ƙasa-ƙasa da Larabcin Sudan. Ta ce Habiba ba ta san ta aiko ba. Tun a hanya wani ƙarfe ya soki Habiba a ƙafar hagu, ciwon bai warke ba, yanzu yatsun sun yi baƙi, sun fara wari. Akwai asibitin tanti a wurin, likitoci suna duba mutane ba a biyan komai, amma ta ƙi zuwa ƙememe, saboda a ƙofar asibitin ana tambayar suna a rubuta, yayanta kuwa ya hana ta zuwa inda ake rubuta suna. Ni layin kati nake nufi, ita kuma ta ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Abincin da ake ba Hawwa da 'ya'yanta a katinsu shi suke rabawa da ita. Da Habiba ta lura yaran ba sa ƙoshi, sai ta shiga cewa azumi take yi. Yanzu kuma ta yi magana da wani mai amalanken doki da ke tsallaka iyaka, ta ce ranar Asabar za ta bi shi ta koma Junaina, tunda sauran maganinta da fasfonta suna ɗaki, ta daina cin rabon marayu.

"Ya Hajj, wanda ya koma garin nan ba ya dawowa," in ji Hawwa. "Ni na yi iyakar ƙoƙarina. Maganarka kawai take ji."

Ina so in ce muku nan take na gane laifina. Ba haka aka yi ba. Maganar farko da ta fito daga bakina ita ce, to ai in ta ɗauko fasfon matsala ta warware. Mahaifiyarku ta ajiye cokali ta zuba mini ido. Salma, wadda kuka san tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, ranar sai ta juyo mini da Hausarta mai ɗingishi, ina jin don ta tabbata maganar ta shiga. Ta tambaye ni ko na san mene ne katin nan da na hana gwaggonta karɓa. Na ce katin bara ne. Ta ce a'a, in ba ta minti biyar. Ita ce mai karatun gidan nan, kuma ashe tun ranar da na hana Habiba take ta bincike ba ta gaya mini ba, don ta san halina.

Ta ce bayan yaƙin duniya na biyu ƙasar Turawa ta koma kamar Junaina, sai dai ta fi ta faɗi nesa ba kusa ba. Garuruwa sun rushe, miliyoyin mutane suna kan titi ba gida ba takarda. Kafin yaƙin da kuma cikinsa, mutane da yawa sun gudo da ransu sun iso iyakar wata ƙasa ko tashar jirgin ruwa, aka ce ba su da biza, aka mayar da su, aka kuwa kashe su a inda aka mayar da su. Da ƙura ta lafa aka ga abin da ya faru, kunya ta kama waɗanda suka rufe ƙofa. Wakilan ƙasashe suka taru a wani birni na Siwizalan, ta faɗi sunansa bakina ya kasa, suka rubuta yarjejeniya. Ƙashin bayanta shi ne wanda ya gudo don tsoron ransa ba a mayar da shi inda ya gudo. A ba shi takarda ko da ba shi da fasfo. Nauyinsa kuma ba a bar wa ƙasar da ya faɗa ita kaɗai ba, sauran ƙasashe su kama mata.

Na ce ai Turawa ne suka rubuta wa 'yan'uwansu, ina ruwan Habiba a ciki. Na ɗauka na kashe bakinta, sai ta ce na yi gaskiya, da farko haka abin yake, don waɗanda wancan yaƙin ya tarwatsa aka yi shi. Daga baya aka cire wannan iyakar ya zama na kowa. Ƙasashen Afirka ma da suka sami 'yanci sun zauna sun rubuta tasu, suka ƙara da duk wanda yaƙi ya koro. Chadi ta sa hannu. Tantin da Hawwa take kwana a ciki, da likitan, da buhun hatsin, duk daga wancan zaman suka samo asali. Maganar basma kuwa, ta duba ko'ina ba ta ga inda aka rubuta abin da direban ya faɗa ba, amma ba za ta rantse mini ba.

"Ko ma gaskiya ne, ya Abuya, gawa ba a ba ta biza."

Na daka mata tsawa, na ce da wa take magana. Ta sunkuyar da kai tana hawaye, ba ta janye ba. Mahaifiyarku ce ta karɓa, ita da ba ta ɗaga mini murya, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, shekara nawa kana gasa nama kusa da masallacin Ƙuba? Wanda ya fara sauka a wurin, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, garinsu ya bari don ana neman ransa, mutanen nan suka buɗe masa ƙofa. Ƙanwarka an buɗe mata, kai kana nan cikin sanyin ɗaki kana rufewa."

Na sa takalmi na fita cikin zafin ranar nan da ko kyanwa ba ta yawo, na bi ta gefen tsofaffin gonakin dabino na nufi shago da ƙafa. Fushi nake yi, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Na yi ta neman mahaifina a raina ya goya mini baya, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Shi in ya guje wa masu rubutu, gona yake tafiya, ya dawo da yamma ya tarar da tuwo, garin lafiya, ba wanda aka rasa. Gudunsa bai taɓa cin ran kowa ba. Ni kuma na ɗauki al'adar zaman lafiya na ɗora wa mace mai ciwo a filin Allah, ina cin shinkafa da kaza a Madina. Na iso shago. Na zauna a kan bencin nan, ba kowa a lokacin, na kira.

Da farko ta musa, ta ce Hawwa ce mai zuzuta abu, ɗan ƙurji ne. Na ce na ji, ta tashi yanzu ta tafi asibiti, ta kuma shiga layi a rubuta ta. Na faɗa da muryar da na hana ta, ina jiran to. A karo na farko a rayuwarmu ba ta ce to ba.

"Yaya, kai ka ce in suka ɗauki basmata ba zan ga Madina ba. Kaka bai gani ba, Baba bai gani ba, ni kuwa saura kaɗan. Ƙafa ce kawai, zan iya jurewa."

A nan na san girman abin da na yi. Na shuka mata tsoro ya kama ƙasa, yanzu umarni ba zai tumɓuke shi ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ƙi. Abu ɗaya ya rage, wanda ban taɓa yi wa wata mace ba har mahaifiyarku, ku tambaye ta. Na gaya mata gaskiya: a benci na ji maganar daga bakin direba, ban bincika ba, na karɓa ne don girman kai, don ba na so a ce ƙanwata 'yar gudun hijira ce.

"Auta, na yi kuskure, ki yafe mini. Ko da maganar gaskiya ce, na haƙura da zuwan. Ke nake so a raye. Niyyar Baba kuwa, in da alhaki a wuyana yake, na ɗauka."



"To ka ce wa Hawwa ta nemo mai baro," ta ce. "Kwana huɗu ke nan ba na iya takawa."

A baro suka kai ta. Ba wanda ya tambaye ta fasfo, ba wanda ya tambaye ta waye kakanta. Aka rubuta sunanta tana kwance, aka yi mata aiki washegari, aka cire yatsu uku da wani sashe na tafin ƙafar. Likitan ya gaya wa Hawwa da an ƙara 'yan kwanaki da ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Bayan ta ji sauƙi aka kwashe su zuwa wani sansani can cikin Chadi, nesa da iyaka. Tana can yanzu da katinta da sandarta, ɗakinta jikin na Hawwa, ta tara mata tana koya musu karatu kamar da. Har yau ba ta zo Madina ba. Salma tana bin takardun, ni kuma na daina yi wa kowa alkawarin wata ɗaya.

Saboda haka in za ku sa albarka, ku san inda za ku kai ta. Ku sa wa Hawwa, wadda ta raba abincin marayunta da matar da ba su haɗa jini ba, ta kuma yi ƙarfin halin kai ƙarar Habiba wurina. Ku sa wa mutanen Adre, talakawa ne, garinsu ya cika ya batse da baƙi ba su kore su ba. Ku sa wa likitan da ban san sunansa ba. Ni kuma akwai waɗansu da nake tunawa da su in na idar da salla, abin da in an gaya mini a da zan yi dariya: mutanen nan da suka zauna a wancan birnin na Turawa, tun ina cikin zanen goyo ko ma ba a haife ni ba. Ba su san Junaina ba, ba su taɓa jin Hausa ba, duk sun mutu. Kunyar ƙofar da aka rufe wa nasu ce ta zaunar da su, ni kuwa yanzu na san ɗanɗanon irin wannan kunyar. Salma takan tuna mini cewa ba kowace ƙasa ke cika abin da ta sa wa hannu ba, kuma a sansanin wani watan abinci ba ya isa. Na sani, Habiba ma ba ta ɓoye mini yanzu. Amma ranar da ƙanwata ta iso a baro, ƙofar a buɗe take, kuma na gode wa duk wanda ya sa hannu aka buɗe ta, na gode har cikin raina.

Kwana biyu bayan aikin aka ba ta waya muka yi magana. Muryarta ba ƙarfi, amma tsokanar tana nan. Ta ce likitan ya yi mata faɗa sosai ta bakin tafinta, ya ce asibiti yana nan kusa da ita wata biyu, me ya hana ta zuwa har ƙafa ta lalace haka. Na tambaye ta me ta ce masa.

"Na ce tsoron allura nake ji, Yaya."

Ta yi dariya, tana jira in taya ta. Na kasa. Shekara goma sha ɗaya ke nan Habiba tana yi wa kanta allurar sukari kowace safiya da hannunta.